Mudu Biyu A Kasuwa Ɗaya: Su Wa Ke Cikin Gidajen Yarin Tarayyar Amurka?

Idan aka ambaci gidan yarin gwamnatin tarayyar Amurka a wurinmu, sunaye kaɗan ne ke faɗo wa mutum a rai. Wani zai tuna Umar Faruk Abdulmutallab, wanda ya yi yunƙurin tayar da bam a jirgin saman da ya nufi Detroit ranar Kirsimetin 2009, aka yanke masa ɗaurin rai da rai a 2012, yake zaune a kurkukun Florence mai tsananin tsaro da ke jihar Kolorado. Wani zai tuna El Chapo, madugun masu safarar ƙwaya na Meziko, wanda shi ma can aka kai shi. Matasa kuwa Hushpuppi za su kawo maka, wanda wata kotu a Los Angeles ta ɗaure shekara 11 da 'yan watanni a 2022 saboda halatta kuɗin damfara.

Waɗannan sunaye ne suka sa muke ɗauka cewa gidajen nan matattarar gaggan 'yan ta'adda ne da manyan 'yan damfara. Alhali kurkukun Florence ba ya ɗauke da ko mutum 500, a cikin fursunoni sama da 150,000 da hukumar gidajen yarin tarayya ke tsare da su a gidaje kimanin 120. Sauran dubban nan da ba a jin sunansu a rediyo, su nake so mu duba: su wane ne, me suka yi, kuma wane mudu aka auna musu shekarun da suke ci?

Abin da alƙaluma suka nuna

Sai mun fara fahimtar tsarin ƙasar tukuna. A Najeriya mun saba da cewa gidan yari na gwamnatin tarayya ne, sai a gyaran tsarin mulki na 2023 aka ba jihohi damar kafa nasu. A Amurka kuwa kowace daga cikin jihohi 50 tana da kundin laifukanta, da kotunanta, da gidajen yarinta. Kisan kai da fyaɗe da fashi da sata, mafi yawansu a kotun jiha ake shari'arsu. Shi ya sa a cikin mutum kusan miliyan biyu da ke tsare a ƙasar, rabon tarayya bai kai ɗaya cikin goma ba. Abin da ke shiga hannunta shi ne laifin da ya ƙetare iyakar jiha ko ta ƙasa: fataucin ƙwaya, da bindiga, da shige da fice, da damfara ta waya ko intanet, da laifin da aka aikata a filin gwamnatin tarayya ko a yankunan da aka keɓe wa ƙabilun asali na ƙasar.

A 'yan shekarun nan, idan ka jera fursunonin tarayya ɗari, kimanin 93 maza ne, 7 mata. Wajen 84 'yan ƙasa ne, kuma a cikin baƙin 'yan Meziko ne suka fi yawa. Kusan 39 baƙaƙen fata ne, a ƙasar da baƙaƙen fata ba su wuce kashi 13 zuwa 14 na jama'arta ba. Kimanin 30 masu tsatson Latin Amurka ne. Ƙabilun asali ma adadinsu ya ɗara rabonsu, domin wata doka ta 1885 ta ɗauke manyan laifukan da aka yi a yankunansu daga kotunan gargajiyarsu ta mai da su kotun tarayya. Matsakaicin shekarun fursuna kuwa ya haura 40.

Ta fuskar laifi, kimanin 44 cikin ɗarin nan ƙwaya ce ta kawo su. Wajen 22 makamai ne, akasari mutanen da aka taɓa ɗaurewa doka ta hana su riƙe bindiga aka sake kama su da ita. Kimanin 13 laifukan lalata ne, ciki har da cin zarafin yara da tara hotunansu na batsa. Shige da fice wajen 5 ne, damfara da cin hanci wajen 4, kisan kai da mummunan rauni da garkuwa da mutane kuma wajen 3.

Akwai wani abu a nan da ya cancanci a tsaya a kansa. A kowace shekara kotunan tarayya na yanke wa mutum sama da 60,000 hukunci, kuma shari'ar shige da fice kan kai kusan kashi 30, kafaɗa da kafaɗa da ta ƙwaya. To me ya sa a cikin kurkuku masu laifin shige da fice ba su wuce kashi 5 ba, masu ƙwaya suka kusa rabi? Domin na farko ruwa ne mai wucewa, na biyu ruwa ne mai kwanciya. Wanda ya sake tsallako iyaka bayan an kore shi yakan yi 'yan watanni ko shekara ɗaya zuwa biyu a mayar da shi ƙasarsu. Mai ƙwaya yakan zauna shekara biyar, goma, ashirin. Kimanin rabin fursunonin tarayya hukuncinsu shekara goma ne zuwa sama. Ashe tsawon hukunci ne ke cika gidan yari, fiye da yawan kamu.

Dokar da aka rubuta cikin fushi

Ruwa ba ya tsami banza. An kafa hukumar gidajen yarin tarayya a 1930, kuma har zuwa 1980 fursunoninta ba su wuce 25,000 ba. A 2013 sun kai kusan 219,000. Jama'ar Amurka ba ta ninka sau takwas a wannan tsakanin ba, halinta ma bai lalace sau takwas ba. Dokoki ne suka sauya.

Ta farko ita ce dokar gyaran tsarin hukunci ta 1984. Ta soke sakin fursuna bisa sharaɗi kafin cikar wa'adinsa ga duk laifin da aka aikata daga Nuwamban 1987, ta kuma kafa hukumar tsara hukunci wadda ta zana wa alƙalai jadawali: nauyin laifi a gefe ɗaya, tarihin mai laifi a ɗaya gefen, inda suka haɗu nan ne adadin watanninsa. Niyyar ba ta da aibi, domin a da alƙalai biyu kan yanke hukunci mai nisan bambanci a kan laifi iri ɗaya. Sai dai tun daga lokacin, rangwamen da fursuna zai samu don kyakkyawan hali bai wuce kwana 54 a shekara ba. Wanda aka ce wa shekara 20, to shekara 17 na nan tana jiransa.

Ta biyu ita ce ta fi yin ɓarna. A watan Yunin 1986 wani matashin ɗan ƙwallon kwando mai suna Len Bias, ɗan shekara 22, ya mutu bayan ya shaƙi hodar ibilis, kwana biyu kacal da ƙungiyar Boston Celtics ta ɗauke shi. Ƙasar ta girgiza. A lokacin wani sabon nau'in hodar mai suna kirak, wanda ake dafa ta da bakin soda ta zama ƙanƙara a zuƙa, ya mamaye unguwannin talakawa saboda arharsa. Zaɓen 'yan majalisa na tafe a Nuwamba, kowace jam'iyya na gudun a ce ta yi sanyi. Kafin ƙarshen Oktoba Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu a kan dokar yaƙi da ƙwaya, wadda ta ƙayyade mafi ƙarancin hukuncin da alƙali ba shi da ikon sauka ƙasa da shi, kuma ta ɗaure shi da nauyin ƙwayar da aka kama.

Ga yadda mudun ya kasance. Wanda aka kama yana fataucin giram 500 na hoda, wato rabin kilo, shekara 5 ce tilas. Wanda aka kama da giram 5 na kirak, abin da da kaɗan ya ɗara nauyin dunƙulen Maggi ɗaya, shi ma shekara 5 ce tilas. Kilo 5 na hoda shekara 10, giram 50 na kirak shekara 10. Ɗari a kan ɗaya ke nan, alhali sinadarin da ke sa maye a cikinsu iri ɗaya ne. Bambancin yana wurin masu ciniki: hoda ta masu hannu da shuni ce, kirak ta 'yan unguwa. Shekara da shekaru, sama da kashi 80 na waɗanda kotunan tarayya suka ɗaure kan kirak baƙaƙen fata ne. Wani abin takaici, Len Bias da aka yi dokar da sunansa a baki, hoda ce ta kashe shi.

Adalci ya sa a faɗi cewa ba duk waɗanda suka goyi bayan dokar ne suka yi da mugun nufi ba. Har da 'yan majalisa baƙaƙen fata da ke ganin kirak na cinye mazaɓunsu, suna neman a yi wani abu ko ta halin ƙaƙa. Joe Biden, yana sanata a lokacin, yana cikin waɗanda suka tsaya mata, daga baya ya amince kuskure ne. Amma sauri ya haifi nawa. A 1995 ita kanta hukumar tsara hukunci ta ba da shawarar a daidaita mudun, majalisa ta ƙi, Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a kan ƙin. Sai a 2010, zamanin Barack Obama, aka rage tazarar zuwa 18 a kan ɗaya, kuma sai a 2018 aka ba waɗanda tsohon mudu ya riga ya ɗaure damar neman ragi. Shekara 32 ke nan. Yaron da aka haifa ranar da aka ɗaure ubansa, shi ma ya zama uba.

Alƙali a kan kujera, hukunci a hannun wani

A fahimtata, babbar illar waɗannan dokoki ita ce yadda suka zare hukunci daga hannun alƙali suka danƙa wa mai gabatar da ƙara. Tunda kowace tuhuma tana tafe da shekarunta a goshi, wanda ya zaɓi tuhumar shi ya zaɓi shekarun. Shi ke yanke ko shari'a ta tafi kotun jiha ko ta tarayya, ko a ambaci nauyin ƙwayar, ko a ƙara tuhumar bindiga. Alƙali yana yanke hukunci a bainar jama'a, ana iya ɗaukaka ƙara a kansa. Mai gabatar da ƙara kuwa a ofishinsa yake yanke nasa.

Sakamakon haka, kimanin kashi 97 na waɗanda kotunan tarayya ke yanke wa hukunci amsa laifi suka yi, akasari bisa yarjejeniya, ba a kai ga kiran shaidu ba. Ana ce wa mutum: ka amsa ka ci shekara kaza, ka ja da mu ka ci ninkinta uku. Gaba kura, baya sayaki.

Labarin Weldon Angelos ya isa misali. Matashi ne mai harkar waƙa a jihar Yuta. A 2002 ya sayar wa wani ɗan leƙen asirin 'yan sanda tabar wiwi sau uku, kowanne na kimanin dala 350. An ce yana ɗauke da bindiga a lokacin ciniki, an kuma samu bindigogi a gidansa, amma bai harbi kowa ba. An yi masa tayin kimanin shekara 15 idan ya amsa, ya ƙi. Sai aka jera masa tuhume-tuhumen bindiga, aka same shi da laifi a uku: ta farko shekara 5, ta biyu 25, ta uku 25, a ci su ɗaya bayan ɗaya. A 2004 Alƙali Paul Cassell, wanda Shugaba George W. Bush ya naɗa, mutumin da ba a san shi da sassauci ga masu laifi ba, ya yanke masa shekara 55, ya kuma rubuta a cikin hukuncin cewa wannan zalunci ne da hankali ba zai ɗauka ba, amma doka ta ɗaure masa hannu. A ranar ce kuma ya yanke wa wani da ya kashe wata tsohuwa kimanin shekara 22. An saki Angelos a 2016, Shugaba Donald Trump ya yi masa afuwa a 2020.

Akwai kuma dokar haɗa baki, wadda ke iya ɗora wa ɗan aike nauyin kayan da ƙungiya ta yi safara, ko bai taɓa su da hannunsa ba. Babbar ƙofar tsira daga hukuncin tilas ita ce mutum ya taimaki gwamnati da bayanin da zai kai ga kama wasu. To wa ke da bayanin sayarwa? Uban gidan da ya san hanya da masu kawo kaya. Direba da budurwa da mai karɓar saƙo ba su da abin bayarwa. Haka Alice Marie Johnson ta birnin Memphis ta samu ɗaurin rai da rai a laifinta na farko, bayan wasu abokan harƙallar sun ba da shaida a kanta don a rage musu. Ta shafe shekara 21 a tsare kafin a sassauta mata a 2018. Mata da yawa a gidajen nan ta wannan ƙofa suka shiga.

A 2005 Kotun Ƙoli ta mai da jadawalin hukunci shawara ga alƙali maimakon umarni, amma hukuncin tilas da majalisa ta rubuta yana nan daram. Bambancin launi ma bai gushe ba. Rahoton hukumar tsara hukunci na 2017 ya gano cewa maza baƙaƙen fata na samun hukuncin da ya fi na takwarorinsu farare tsawo da kimanin kashi 19, bayan an yi la'akari da irin laifi da tarihin mai laifi. Rahotonta na 2023 ya samu tazarar kashi 13 ga baƙaƙe, kashi 11 ga masu tsatson Latin Amurka. Hukumar gwamnati ce ta faɗi wannan da bakinta.

Ɗaya ɓangaren magana

Ba na cewa gidajen nan cike suke da salihai. Wanda ya yi lalata da yaro, da wanda ya addabi unguwa da bindiga, da wanda ya wawure ajiyar tsofaffi ta intanet, kurkuku ne mahallinsu, kuma waɗanda suka cuta suna da haƙƙi. Ƙwayar ma ba abin wasa ba ce. Yau metamfetamin ce ta fi yawa a shari'o'in tarayya, fentanil na biye da ita, kuma daga 2021 zuwa 2023 sama da mutum 100,000 ke mutuwa a kowace shekara a Amurka saboda ƙwaya ta yi musu yawa. Uwar da ta binne ɗanta ba za ta so jin maganar sassauci ba, kuma ban ga laifinta ba.

Amma wannan adadi shi kansa hujja ne a kan tsarin. Tun 1971 Shugaba Richard Nixon ya ayyana ƙwaya a matsayin babbar abokiyar gabar al'umma. Bayan rabin ƙarni ana ɗauri, mace-macen sun kai inda ba su taɓa kaiwa ba. Idan aka ɗauke dillali daga kusurwar titi, kafin rana ta faɗi wani ya maye gurbinsa, domin masu saye suna nan, talauci ma yana nan.

Sannan a dubi waɗanda mudun bai taɓa ba. Kamfanin Purdue Pharma, mai yin maganin OxyContin da ya taimaka wajen buɗe ƙofar wannan annoba, ya amsa laifi a kotun tarayya a 2007, ya sake amsawa a 2020, amma babu ko ɗaya daga iyalan da suka mallake shi da ya kwana a kurkuku. Bankin HSBC ya biya tarar dala biliyan 1.9 a 2012 bayan ya amince cewa kuɗin masu safarar ƙwaya na Meziko sun bi ta cikinsa, ba a ɗaure ma'aikacinsa ko ɗaya ba. Wannan shi ne mudu biyu a kasuwa ɗaya: na talaka ana auna shi da shekaru, na mai ƙarfi da dala.

Me aka koya da aka sassauta?

A ƙarshen 2018 jam'iyyun biyu suka haɗu suka yi Dokar Matakin Farko, Trump ya sa mata hannu. Ta hana irin jeren tuhumar da aka yi wa Angelos ga mai laifin farko, ta rage wasu hukunce-hukuncen tilas, ta ba fursuna damar rage kwanakinsa ta hanyar karatu da koyon sana'a, ta kuma ba tsofaffi da marasa lafiya damar kai kukansu gaban alƙali kai tsaye. Da annobar korona ta zo a 2020, aka mayar da fursunoni sama da 13,000 su ƙarasa wa'adinsu a gida ƙarƙashin sa ido. Waɗanda suka sake aikata sabon laifi a cikinsu ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Wannan bai ba masana mamaki ba, domin shekaru na kwantar da mutum. Binciken hukumar tsara hukunci ya nuna cewa a cikin shekara takwas da saki, kusan kashi 68 na waɗanda aka saka suna ƙasa da shekara 21 an sake kama su, amma a cikin masu 65 zuwa sama kashi 13 ne kawai. Duk da haka ana kashe sama da dala 40,000 a shekara a kan kowane fursuna, hukumar kuma na cin sama da dala biliyan 8, wani kaso mai tsoka yana tafiya ga jinyar dattawan da ƙarfin aikata laifi ya riga ya bar jikinsu. Cunkoso da ƙarancin gandirobobi sun haifar da tasu ɓarnar: a 2024 aka rufe gidan yarin mata na Dublin a Kalifoniya bayan an ɗaure shugabansa da wasu ma'aikata saboda lalata da matan da aka ba su amana.

Afuwar shugaban ƙasa ta ceci wasu. Obama ya sassauta wa mutum 1,715, Biden ya sassauta wa kusan 2,500 masu laifin ƙwaya a kwanakinsa na ƙarshe a kan mulki. Amma afuwa rabo ce, sai wanda labarinsa ya isa fada. Doka ce ke kai wa ga kowa.

Darasin da ke ciki gare mu

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Mu ma muna cikin zafin da Amurka ta shiga a 1986. Kodin da tiramadol sun shiga gidajenmu, sun taɓa samari da 'yan mata har da matan aure, iyaye kuma suna kuka da gaskiyarsu. A watan Mayun 2024 Majalisar Dattawan Najeriya ta kai ga amincewa da hukuncin kisa ga masu fataucin miyagun ƙwayoyi. Na fahimci fushin da ya kawo haka. Amma a ƙasar da kusan biyu cikin uku na mazauna gidajen gyaran hali jiran shari'a suke yi, mun san wanda tsattsauran hukunci zai fara faɗa wa: ɗan acaɓan da aka ba saƙo, da yaron shago, da mai tallan ƙwaya a tasha. Mai kwantena a tashar jiragen ruwa yana da lauyoyi.

Kirana ga 'yan majalisarmu shi ne kada su rubuta dokar hukunci a ranar makoki. Su bar wa alƙali ikon duba mutumin da ke gabansa, ya bambanta uban gida da ɗan aike, ya bambanta mai sayarwa da wanda jaraba ta kama yake buƙatar magani. Su sa a riƙa wallafa alƙaluman waɗanda ake ɗaurewa, domin da irin waɗannan alƙaluma ne Amurka ta ga aibinta. Ga matasanmu kuma da ake ruɗa da ɗaukar saƙo zuwa ƙetare ko damfarar intanet, su sani cewa kotun tarayyar Amurka idan ta ce shekara goma, takwas da rabi babu fashi.

Al'ummar da ta auna wa mai rauni da babban mudu, ta auna wa mai ƙarfi da ƙarami, za ta cika kurkukunta, amma ba za ta samu zaman lafiyar da take nema ba. Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe mudu ɗaya ga kowa.